Allurar Maleji Ta Ce Tamanin

Rigimar ta fara ne ranar da Yaya, babban wanmu, ya biyo bayan motar Baba a babban titi bai gane ta ba. Ya ce ya yi ta danna hon, ya kunna fitila ya kashe, har ya sauke gilashi zai yaɓa wa direban magana. Da ya zo daidai da motar sai ya ga hular Baba.

Da yamma ya zo gida, ko takalmi bai gama cirewa ba ya fara.

"Baba, wallahi mai keke ya wuce ka. Da idona na gani."

"To mai keken sauri yake," in ji Baba, yana goge tabarau da bakin riga. "Ni a tamanin nake."

"Tamanin? Ko sittin ba ka kai ba."

"Allura tana gabana, kai kana bayana. Wa ya fi wani ganinta?"

Baba direban motar asibiti ne har ya yi ritaya. A gidanmu kowa ya haddace dokarsa: tamanin a babban titi, ba ƙari ba ragi. Ya ce in ka haura haka ruwan da aka ɗaura wa majinyaci zai dinga jijjiga, in ka gaza kuma ka makara. Yanzu abin da ya rage masa na tuƙi shi ne tsohuwar farar motarsa, mai ƙofar baya da sai an ɗaga ta take rufuwa. Kullum da safe shi yake wanke ta da kansa, ko da jiya ba ta fita ba.

Yaya ya ce shi ba zai zauna jiran mummunan labari ba. Mai jan ƙafa a tsakiyar manyan motoci ya fi mai gudu haɗari, kuma duk wanda yake rarrafe yana cewa gudu yake, to wani abu ya taɓu, ko ido ko kai. Ƙarshen wata zai zo ya ɗauki motar ya ajiye a gidansa. Duk inda Baba zai je, a kira shi ya turo direba.

Baba ya kau da kai. Ya sa hannu a aljihu, na ji ƙarar makulli. Umma tana ninke wanki a kan kujera, ta ninke tawul, ta warware, ta sake ninkewa. Ban gane shirunta ba. Umma ba ta barin magana ta wuce ta gabanta ba ta ɗora mata wani abu ba.

Washegari na raka Baba sayen ƙwan fitila. A wayata akwai manhajar da ke auna gudu ta tauraron ɗan'adam, na buɗe ta a kan cinyata, na rufe da gefen mayafi. Da muka hau babban titi allura ta hau, ta tsaya cak a kan tamanin. Wayata ta ce hamsin da biyar.

Na kashe wayar na kunna. Hamsin da biyar. Na ɗaga ta kusa da gilashi ko za ta fi ji. Ba ta canja ra'ayi ba. Na leƙa allura, na leƙa waya, na leƙa motocin da ke wuce mu fuu, wasu direbobin har da waiwaye.

"Me kike ta dubawa, Auta?"

"Saƙo ne, Baba."

Ashe Baba bai yi ƙarya ba, Yaya ma bai yi ba. Har muka dawo gida ban san wanda zan fara gaya wa ba.

Na je garejin Sifana, bakaniken da ke duba motar tun ina firamare. Ƙafafunsa kawai na gani a ƙarƙashin wata mota, na tsaya ina jiran ya fito, shi kuma bai san da ni ba, sai da na yi tari. Da ya fito na gaya masa abin da na gani a maleji.

"A'a, 'yar Baba! Maleji? Ai maleji ba shi da laifi. Giyabos ɗin da muka sa bara na wata mota ce, ƙanwar wannan. A jikinsa akwai ɗan abu mai ƙirga juyi, yana aika wa maleji ta waya ɗaya. To na sabon ya fi na da yawan haƙora, shi ya sa yake ƙara gishiri."

"To me ya sa ba a gyara ba?"

Ya sosa ƙeya da bayan hannu. "Wannan kuma sai ki tambayi Hajiya."

"Umma? Me Umma ta sani a giyabos?"

"Ni dai ban ce komai ba," ya ce, ya zame ya koma ƙarƙashin mota.

Na ɗauka zolaya ce irin tasa, ban tambaye ta ba.

Lantarki na karanta a jami'a, na gama, ina zaman jiran aiki. A wani kwalin takalmi ina da ragowar kayan shekarar ƙarshe, ciki har da wata 'yar ƙwaƙwalwa a kan koren allo, ba ta kai akwatin ashana ba, irin wadda ake rubuta wa umarni ta kwamfuta. A takarda dabarar mai sauƙi ce. A yanke wayar da ta taso daga giyabos zuwa maleji, a sa 'yar ƙwaƙwalwar a tsakiya. Ita za ta saurari bugun da ke zuwa, ta rage shi daidai gwargwado, ta miƙa wa maleji. In allura ta faɗi gaskiya, Baba zai ƙara totur ya koma tamanin ɗinsa na ainihi, Yaya ya rasa abin cewa. Haka na lissafa.

Da na yi wa Baba bayani, fuskarsa ta washe.

"Kina nufin tun bara take yi min ƙarya a gaban idona? Na gaya muku! Ba ni ba ne, mota ce." Ya fita tsakar gida ya ɗala wa bonet duka, kamar yana tsawata wa yaro.

A kan teburin guga na yi aikin, a lungun da ke tsakanin ɗakuna, domin nan ne kaɗai soket ba ya motsi. Na shimfiɗa tsohuwar jarida, na jona ƙarfen narka dalma. Na haɗa abin rage wuta, saboda wutar batirin mota ta yi wa 'yar ƙwaƙwalwar yawa. Na sa fiyus. Na ƙona yatsa, na ƙona gefen jaridar, warin dalma ya kama kayan gugar Umma. Da na gama na saka komai a robar sabulu, na huda ta da ƙusa mai zafi, wayoyi huɗu suka leƙo.

Baba ne ya kwance min murfin dashbod. Na kwanta rigingine a ƙarƙashin sitiyari, ƙafafuna a waje, na rasa wace ce wayar a cikin damin wayoyin da duk suka koma launin ƙura. Sai da muka ɗaga tayar gaba da jak, yana juya ta da hannu ina taɓa wayoyi ɗaya bayan ɗaya da mitar awon wuta, har na sami wadda ke bugawa. Na daɗe riƙe da almakashi kafin na yanke ta.

Gwajin farko ko ƙofar gida ba mu fita ba. Mota tana tsaye, allura tana rawa tsakanin ashirin da arba'in. Baba ya danna hon, ta yi tsalle ta koma sittin.

"Yanzu a tsaye ma gudu muke?" ya ce.

Na koma kan teburin guga na yi ta juya abin a raina. 'Yar ƙwaƙwalwar tana jin hayaniyar wutar inji, tana ɗauka taya ce ke juyawa. Na ƙara mata kafasita, ɗan abin da ke tace irin wannan hayaniya, na ɗaure wayar ƙasa a jikin ƙarfen mota da kyau. Allura ta kwanta.

A gwaji na biyu muka fita. Muna hawa titi allura ta wuce tamanin, ta wuce ɗari. Baba ya taka birki har sai da na dafa dashbod.

"Innalillahi! Ɗari da goma? Auta, kashe mu za ki yi?"

Wayata ta ce hamsin. Ya rage, ya rage, har allura ta sauko tamanin, lokacin kuma tafiyarmu ba ta fi ta mai sassarfa da baro ba. Bayanmu hon ya kaure. Wani ya leƙo ya ce, "Baba, in turi take so mu sauko!"

Na duba umarnin da na rubuta, na ga daidai yake. Na sake dubawa, daidai. Sai a karo na uku na ga na kifa lissafin, inda zan raba na ninka, na ƙara wa ƙaryar ƙarya. Ban gaya wa Baba haka ba, na ce masa saiti ne.

Ina gyarawa a teburin guga Umma ta zo ta tsaya a kaina, da rigunan Baba a hannu.

"Wa ya aike ki?"

"Umma, gyara nake. Don kar Yaya ya ɗauke motar."

"Na ce wa ya aike ki?" Ta waiwaya ta ga Baba ba ya kusa, ta rage murya. "Tun bara Sifana ya gaya min. Ni na ce ya bar shi haka."

Na ajiye ƙarfen dalma.

"Kafin a canja abin nan, babanki ya kusa shiga da ni ƙarƙashin tirela. Tana tsaye a gefen titi, ƙatuwa kamar gida, bai gan ta ba sai da na yi ihu. Ya ce rana ce ta kashe masa ido. Ya goge ƙofar gida da mota, ya ce ƙofar ce ta karkace. Ana sa wannan giyabos ɗin ya fara tafiya kamar mutum, yana ganin tamanin ɗinsa yana jin daɗi, ni ma hankalina ya kwanta. Ga ki kin kwaso wayoyi."

"To me ya sa ba ki gaya wa Yaya ba?"

"In gaya masa ya ɗauke motar a ranar? Kin san abin da babanki zai zama in babu abin da zai wanke da safe?"

Na kalli robar sabulu.

"Umma, in na bar shi haka, Yaya zai karɓi makulli. In na gyara..."

"Ki gyara ta yadda yayanki zai ga an gyara, babanki kuma kar ya ƙara gudu."

"Lamba ɗaya ake sa mata, Umma."

"To ki nemo lambar. Me kuka yi ta karantawa a can?" Ta ture jaridar gefe, ta jona dutsen guga a soket ɗina.

Ko awa ba a yi ba Yaya ya kira.

"Injiniya! An ce kin buɗe gareji a lungu. In har kin iya, ki saita ta kar ta wuce arba'in kafin in zo."

"Yaya, ba inji nake taɓawa ba, allura ce kawai."

"To ki sa allurar ta hana shi."

"Ai ita ce take hana shi tun bara. Abin da ka yi faɗa a kai kenan."

"Ban gane ba."

"Ni ma haka," na ce.

Na zauna da kwamfuta a cinya, gurbin lambar yana ƙifta min ido. In na sa ta gaskiya, Baba zai yi gudun da Umma ke tsoro. In na sa ta ƙarya, zai yi rarrafen da Yaya ke tsoro. Na gwada rabi da rabi, na ga kowa zai samu rabin abin da yake tsoro. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne ban san wanne ya riga wanne ba: allura ce ta rage wa Baba gudu, ko shi ne ya rage, allura ta rufa masa asiri? Direban da ya tsufa a kan titi zai yi shekara yana hamsin da biyar bai ji a jikinsa ba?

Daga ƙarshe na sa ta gaskiya. Ba don na tabbata ita ce daidai ba. Ita kaɗai na san yadda ake lissafawa.

Ranar da Yaya zai zo, da hantsi, Baba ya ce mu fita gwaji na ƙarshe. Ya sa rigar da aka goge, ya gyara madubi. Umma tana bakin ƙofa, ba ta ce a dawo lafiya ba, ni kawai take kallo.

Muka hau babban titi. Baba ya kama tafiyarsa ta kullum, ya jingina, hannu ɗaya a kan giya. Allura ta tsaya a hamsin da biyar. Wayata ma haka.

"Har yanzu bai gyaru ba," ya ce.

"Ya gyaru, Baba."

"Wannan hamsin da biyar ne?"

"Shi ne."

Ya ƙara taka totur. Na ji inji ya canja murya. Sittin. Ya ɗauke hannu daga giya ya kama sitiyari da hannu biyu. Sittin da biyar. Ya daina jingina, ya matso gaba har haɓarsa ta kusa taɓa sitiyari. Saba'in. Na ga jijiyoyin bayan hannunsa sun tashi.

"Auta, wancan mota ce ko inuwar gada?"

"Inuwa ce."

"Na sani. Gwada ki nake."

Allura tana ta hawa a hankali. Can gaba ana gyaran titi, an jera jajayen durom an toshe hannunmu. Na gan su tun daga nesa. Na jira ya rage. Na ce a raina direban motar asibiti ne, ya gani, lokaci yake jira. Bai rage ba.

"Baba! Durom!"

Birki ya yi ƙara, motar ta ja gefe, robar sabulu ta faɗo daga ƙarƙashin dashbod tana lilo a jikin wayoyinta. Muka tsaya a kan tsakuwar gefen titi, durom na farko yana dab da fitilarmu. Ma'aikatan suka ɗago suka kalle mu, ɗaya ya ɗaga hannu yana tambaya, Baba ya ɗaga masa nasa.

Ya kashe mota. Ya cusa hannuwansa a tsakanin gwiwoyi.

"Tamanin kenan?"

"Saba'in da biyar."

Ya yi 'yar dariya ta hanci. "A da a haka nake ɗauko mai naƙuda, ina hira da nas." Ya cire tabarau ya duba su, ya mayar. "Uwarki ta sani?"

Na sunkuyar da kai.

"Ta sani," ya ce. "Shi ya sa ta daina riƙe ƙofa in muna tafiya. Na ɗauka yarda ce ta ƙaru."

"Baba, zan iya mayar da ita yadda take. Waya biyu ce kawai zan haɗe."

"Ki mayar, ni kuma in manta?"

Ya zare makulli, ya juya shi a tafin hannu, ya miƙo min.

"Ki kai mu gida."

"Baba, ai ban iya ba."

Ya juyo gaba ɗaya ya dube ni. "Ba ki iya me ba?"

"Tuƙi."

"Kin koya wa mota ƙirga, amma ba ki iya tuƙa ta ba? Duk shekarun nan a gidana?"

"Ba ka taɓa barin kowa ya taɓa ta ba."

Ya juya ya kalli titi. Muka zauna a gefen titi, makulli a hannuna, motoci suna wucewa suna girgiza mu. Na ɗauko waya na ce bari in kira Yaya.

"Kar ki kira shi. In ya zo nan ya ɗauke ta, ba za ta ƙara kwana a gidanmu ba." Ya buɗe ƙofa. "Zagayo."

Kujerar ta yi min nisa, ya ja ta gaba. Ya nuna min kuloci, birki, totur, ya sa na faɗe su kamar karatu. Na saki kuloci, motar ta yi tsalle ta mutu. Na sake, ta mutu. Ma'aikatan titi suka bar aikinsu suka jingina da shebur.

"Ba wuta kika taka ba, Auta. A hankali. Ki saurare ta, za ta gaya miki."

Ni ban ji ta ce komai ba, amma a wani karon ta motsa. Ya sa na sauka daga babban titi a kwanar farko, muka bi ta cikin unguwanni. Shi yake canja giya da hannunsa, ni ina taka kuloci in ya ce taka. Ya san kowane rami kafin mu kai. Robar sabulu tana bugun gwiwata, allura tana wajen ashirin, ban sake kallonta ba domin ba ni da idon da zan ba ta. Ban san ko gyara na yi ba ko ɓarna. Na so in tambaye shi, sai ya ce, "Hagu, hagu, ɗayan hagun!"

Motar Yaya tana ƙofar gida. Yana tsaye da Umma, suka ga farar mota tana tahowa tana tangaɗi, Baba a kujerar fasinja, gwiwar hannunsa a kan taga. Umma ta dafe ƙirji. Na taka birki da ƙarfi, motar ta mutu da kanta.

Baba ya fito, ya gyara riga. Yaya ya gaishe shi, ya miƙo hannu a ɗan kunyace.

"Makulli ba ya hannuna," in ji Baba. "Na bar tuƙi. Sai ka yi magana da direba."

"Wane direba? Baba, yarinyar nan ko keke..."

"Gobe da safe zan fara mata ribas. Kai kuma ka nemo mata takardar koyo, tunda kana son taimako. Mota tana nan inda take."

Yaya ya kalli Umma. Umma ta kalle ni, ta kalli Baba, ta ce ita tukunya ta bari a wuta, ta shige. Yaya ya sauke hannunsa, ya leƙo ta taga.

"Injiniya, me ya faru a hanya?"

Na juyo in fara ba shi labari. Sai na ga fuskarsa tana matsawa gaba a hankali, ƙofar gida ma tana matsawa.

"Birkin hannu, Auta!" Baba ya ce, yana bin motar da sauri. "Ja shi sama!"